Sunan da aka tsallake a shirin tattakin Washington

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku kan tattakin neman 'yancin baƙaƙen fatar Amurka da aka yi a birnin Washington ranar 28 ga Agusta, 1963, amma har aka rufe shirin ban ji an ambaci Bayard Rustin ba, alhali shi ne ya tsara taron cikin kimanin wata biyu a ƙarƙashin dattijo A. Philip Randolph, jagoran ƙungiyar ƙwadago.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan hidimar biki ya san wahalar sallamar baƙi ɗari, shi kuwa Rustin mutum kusan 250,000 aka tara masa. Shi ya bi lissafin motocin safa da jiragen ƙasa, da ruwan sha da makewayi, da lasifikar da za ta kai muryar Martin Luther King har ƙarshen fili, aka kuma ƙulle burodi da cuku ƙunshi 80,000 saboda masu tattaki. Kafin dare jama'a sun watse lafiya.

Ba a ranar ya fara ba. Ya yi zaman kurkuku daga 1944 zuwa 1946 saboda ya ƙi shiga soja, ya zo Afirka ta Yamma a 1952 ya gana da Nkrumah da Azikiwe, sannan a 1956 ya je birnin Montgomery na jihar Alabama, inda ya tarar da bindigogi a gidan King, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa kan gwagwarmaya ba tare da makami ba.

Abin da ya sa aka riƙa tura shi bayan fage shi ne mai neman jinsi ɗaya ne, kuma bai ɓoye ba. A kan haka aka ɗaure shi kwana 60 bayan kama shi a birnin Pasadena na jihar California a 1953, kuma ana saura makonni a yi tattakin Sanata Strom Thurmond ya tono maganar a majalisa don ya wargaza taron. Randolph ya tsaya tsayin daka, ya ƙi rabuwa da shi.

Na san matsayin yawancin masu sauraronku kan wannan batu, kuma ba muhawararsa ta kawo ni ba. Abin da ke damuna shi ne a ci moriyar gumin mutum a kuma shafe sunansa, wanda a ganina rashin adalci ne ƙarara. Rustin ya rasu ranar 24 ga Agusta, 1987, don haka ina roƙon ku ware masa ko da minti goma a shirinku na watan Agusta mai zuwa.

Naku mai sauraro,
daga Zariya