Yaya zan yi da kafiyar 'yata 'yar shekara 4?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da masu bibiyar wannan fili, na rubuto ne domin neman shawararki a kan 'yata ta fari, wadda yanzu take da shekara 4 da 'yan watanni. Yarinya ce lafiyayya mai wayo, bakinta ya buɗe da wuri, kuma tana da tausayi, domin idan ƙanenta ya fara kuka ita ce take rugawa ta ɗauko masa abin wasansa. Sai dai Allah Ya yi ta da kafiya irin wadda ban taɓa gani ga yaro sa'anta ba. Idan ta ce a'a, to ta zauna a kai ke nan. Rarrashi ba ya ɗaga ta, tsawa kuwa sai dai ta ƙara tunzura ta.

Maganar da ta fi yawa a bakinta ita ce "ni zan yi da kaina". Da safe, lokacin shirin makaranta, za ta zauna da rigarta tana tura maɓalli a kafar da ba tasa ba, ta ɗan fito da harshe saboda himma, kuma da zarar na miƙa hannu zan taimaka sai ta juya mini baya. Idan na riga na ɓalla mata, sai ta ɓalle su duka ta faro daga farko. Wannan bai cika damuna ba, domin na fara tashinta da wuri don ta samu lokacin yin abinta, kuma a gaskiya ina jin daɗin ganin fuskarta idan ta gama. Abin da yake tayar mini da hankali shi ne wannan kafiyar ba ta san inda ake wasa da inda ba a wasa ba. A bakin titi takan fizge hannunta daga nawa ta ce ita za ta tsallaka da kanta. Idan ba ta da lafiya, ba ta magani sai mun sha artabu. Idan kuma na tsaya a kan maganata, sai ta zube ƙasa tana birgima da shure-shure, tana kuka har muryarta ta dushe, sannan bayan ta huce ta zo ta kwanta a jikina tana ajiyar zuciya, gumi ya jiƙa mata goshi.

Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne malamarta ta ce a aji ba su da matsala da ita ko kaɗan, tana bin layi, tana jiran a zo kanta, har tana taya tattara kayan wasa. Na yi murna da jin haka, amma kuma ya sa ina tambayar kaina me ya sa sai a gabana take sauke duk rigimarta.

Ban zauna na naɗe hannu ba, Hajiya. Na karanta ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, waɗanda suka ce yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kowace rana, da motsa jiki na aƙalla minti 180, kuma kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa 1. Da na matso da lokacin kwanciyarta na kuma rage mata kallo, na ga sauƙi a rigimar yamma, musamman da yake ta daina barcin rana. Ina ba ta zaɓi tsakanin abu biyu da duk na yarda da su, ina kuma sanar da ita tun kafin lokacin tashi daga wasa ya yi, kuma wannan yana aiki a wasu ranakun. Abin da ya ƙi ci shi ne dabarar zaunar da yaro a gefe na minti ɗaya kan kowace shekara ta haihuwarsa, domin ita ba ta zama. Tana tashi, ina mayar da ita, har abin ya koma tsere, maƙasudin horon ya ɓace.

Na kuma ci karo da binciken da likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara a birnin New York a 1956, inda suka bi rayuwar yara tun suna jarirai, suka gano cewa kusan 10 cikin 100 ana haifarsu da hali mai wuyar sha'ani, kuma abin da ya fi tasiri a kan makomarsu shi ne yadda tarbiyyar da suka samu ta dace da halin nasu. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, haka ma sanin cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake taimaka wa mutum ya danne fushinsa, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Amma sanin dalili bai koya mini abin da zan yi a daidai lokacin da take kwance a ƙasa mutane suna kallonmu ba.

A gida kuma kanmu bai haɗu ba. Mahaifinta yana ganin sangarta ce kawai, kuma laushina ne ya jawo, alhali idan ya dawo a gajiye ta fara kuka, shi ne yake miƙa mata wayar da na hana ta domin a samu shiru. Yanzu ta gane cewa idan na ce a'a akwai wata ƙofar. Mahaifiyarsa, wadda nake girmamawa ƙwarai kuma na san don ƙaunar jikarta take faɗa, kullum tana tuna mini cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a ganinta bulala ce maganin kunnen ƙashi. Ni ma na yarda yanzu ne lokacin gyara, sai dai zuciyata ba ta kwanta da duka ba, balle da na ga ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2018 cewa duka da muzantawa ba sa gyara hali na dindindin, suna ma iya ƙara wa yaro faɗa da zafin rai.

Ga ainihin abin da yake cina a rai. Ina son ta zama mai biyayya da ladabi, amma ba na son a kashe mata wannan ƙarfin zuciyar, domin yarinyar da ta iya cewa a'a a yau, ita ce gobe za ta iya cewa a'a ga ƙawayen banza da duk wanda ya nufe ta da cuta a inda ba na nan. Tsorona shi ne idan na matsa da yawa ta koma mai bin umarni don tsoro kawai, idan kuma na sassauta ta tashi ba ta ganin kowa da gashi.

Saboda haka ina roƙon ki taimaka mini da yadda zan bambance abubuwan da ya kamata in tsaya kai da fata a kansu da waɗanda zan kau da kai in bar ta ta gwada. Wane irin horo ne zai yi tasiri ga yarinyar da ba ta zama inda aka ajiye ta, ba tare da na ɗaga mata hannu ba? Ta yaya zan fahimtar da maigidana mu riƙa magana da murya ɗaya, in kuma bayyana wa mahaifiyarsa matsayina ba tare da ta ɗauka raini ne ba? Sannan waɗanne alamu ne idan na gani zan san abin ya wuce kafiyar ƙuruciya, ya kamata in kai ta wurin likitan yara?

Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara basira. Ina roƙon a sakaya sunana.

Wassalam,
Taki, mahaifiyar yara biyu