Zuwa ga kamfanin da ke karɓar kuɗinmu da sunan kai wa fursunoni magani

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe darakta, ina rubuto maka a fili ne saboda ranar Talata 11 ga wata da misalin ƙarfe 4 na yamma na kira buron ku na nan Garwa, bayan an daɗe ana kashe min waya, sai wani ma'aikacinku ya ɗauka, na tambaye shi ina maganin ƙanena ya tsaya, ya ce min: "Hajiya ai mahaukaci ne, ko an ba shi ko ba a ba shi ba bai san bambanci ba." Ya yi dariya ya kashe. Wallahi haka ya faɗa, ban ƙara ko harafi ɗaya ba, kuma lambar da lokacin suna nan a wayata.

Ƙanena yana da ciwon taɓin hankali tun kafin a kama shi, yana kan magani shekara da shekaru kuma in yana sha lafiya lau yake, har ɗinki yake yi. Yanzu yana tsare a gidan kaso na wani gari mai nisa da mu, shari'arsa ma ba a yi ba. Ku kuka ce mu kawo ordonas, wato takardar maganin da likita ya rubuta, mu turo kuɗi ta waya, ku za ku saya a farmasi ku miƙa wa infirmiye, wato ma'aikacin jinya na gidan, duk wata. Wata na farko na tura sefa 18,500, na biyu kuka ce kuɗin moto ya ƙaru na tura 21,000, sai wani 5,000 da kuka kira kuɗin buɗe dosiye wanda har yau ban ga resi ɗinsa ba, sauran kam sai na duba saƙonni don sun yi yawa.

Likita ya rubuta Haldol da Artane tare, kuma duk mai jinyar irin wannan ciwo ya san dalili, Haldol shi kaɗai yana sandarar da jiki, Artane ne ke hana hakan. Ku kuka kai Haldol babu Artane. Da Inna ta je ziyara ta same shi wuya a karkace, hannu na rawa, yawu na zuba a gaban riga, kofin kunun da ta miƙa masa ma bai iya riƙewa ba sai wani ɗan ɗakinsu ne ya riƙe masa, Allah ya saka wa yaron nan da alheri. Wata na gaba kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta isa ba. Ciwon ya tashi, ya hana mutane barci da ihu, aka ware shi ɗaki shi kaɗai. To ina Artane ɗin da na biya ya shiga? Kowa a garin nan ya san samari na neman ƙwayar nan a bayan fage, don haka tambayar tawa ba ta banza ba ce.

Na je na tambayi masu sanin doka, tunda ku kun ɗauke mu jahilai. Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce kula da lafiyar fursuna nauyin gwamnati ne, kyauta, daidai da na wanda ke waje. Sun ce mai taɓin hankali mai tsanani wanda zaman kaso zai tsananta masa ciwon ba gidan yari ne wurinsa ba, asibiti ya kamata a mayar da shi, kuma ba a kulle shi shi kaɗai in hakan zai ƙara masa ciwo. A nan Kamaru gidajen yari suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma dokar 2019 ta ba Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa ikon shiga wuraren tsare mutane ta duba. Da ana bin wannan yadda aka rubuta da ba mu san ƙofarku ba. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a arewa sai an tona, asibitin Jamot da ke duba masu ciwon ƙwaƙwalwa kuma yana can Yawunde, sai ku kuka ga ɓaraka kuka shige, kuna ci da hawayen iyaye saboda kun san mara lafiyar ba zai iya kai ƙara ba, in ma ya faɗa wa zai yarda da shi.

Ranka ya daɗe, a dawo min da kuɗin watan da ba a kai komai ba da na Artane, a ba ni takardar da infirmiye ya sa hannu ta kowane wata in har akwai ta, kuma ma'aikacin nan ya kira Inna ya ba ta haƙuri da bakinsa. Sannan ku fito da sunayen duk gidajen da kuke karɓar kuɗinsu da abin da kuka kai, don a layin ziyara na haɗu da mata biyu masu irin labarina, ɗaya ɗanta farfaɗiya gare shi. Wa ya ba ku izinin riƙe irin waɗannan magunguna, wa ke duba littafinku? Kwafin wasiƙar nan zan kai wa mai gabatar da ƙara da ofishin Hukumar da ke nan Garwa, tare da duk saƙonnin kuɗin, kuma matan nan biyu sun ce za su sa hannu.

Yayar wani fursuna,
Garwa