Kafin Magini Ya Ɗaga Guduma

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga hotunan gyaran gidan da ka turo, da zanen sabon kicin. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Tayil ɗin ya yi kyau, launin kabad ɗin ma ba laifi. Amma da na ƙura wa zanen ido sai hankalina ya ƙi kwanciya, shi ya sa na ce gara in rubuto maka tun ba a fara fasa bango ba.

Ka ajiye murhu a bango ɗaya, wurin wanke-wanke a ɗaya bangon, ƙofar shiga kuma tana tsakaninsu. Ke nan duk mai son tsiyaye ruwan zafi sai ya ɗauki tukunya ya ratsa hanyar da kowa ke bi. Haka kicin ɗinmu na farko yake. Ba za ka tuna ba, kana ɗan shekara uku ka shigo da gudu ina riƙe da tukunya. Allah ne ya kiyaye, ruwan ya sauka a ƙafata, bai taɓa ka ba. Tabon yana nan har yau. Kai ma yanzu kana da ƙanana, don haka wannan gyaran ba na jira ba ne.

Aikin kicin a wuri uku yake kewayawa: firji, wurin wanke-wanke, da murhu. A ɗauko, a wanke, a yanka, a ɗora. Tun a shekarun 1940 masu nazarin gine-gine a Jami'ar Illinois ta Amurka suka daidaita wannan tsari mai kusurwa uku, kuma har yanzu da shi masu zanen gidaje ke aiki. Tsakanin kowane biyu kada ya gaza mita 1.2, kada ya wuce mita 2.7, kuma hanyar wucewa kada ta ratsa tsakiyarsu. In sun matsu da yawa, mutum ba ya samun inda zai juya. In sun yi nisa, kafin a sauke abinci ƙafa ta gaji.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne filin kanta, wato teburin aikin girki, tsakanin famfo da murhu. Nan ne ake yin mafi yawan aiki, kuma nan ne mutane suka fi yi wa rowa. Ka bar masa santimita 90 in wurin zai ba da. Gefen murhu ma, dama da hagu, a samu inda za a dire tukunya mai zafi nan take ba sai an yi taku ba. Tsayin kanta yawanci santimita 90 ne, faɗinta 60, amma wannan awon kowa da kowa ne. Ɗiyata, matarka, doguwa ce. Ta tsaya ta lanƙwasa hannu, ka auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta ka rage santimita 10 zuwa 15, ka ba kafinta wannan awon. Ciwon bayan da nake fama da shi, sunkuyo a kan gajeriyar kanta yana da kaso a ciki.

Kuma tun da na ambace ta, ka tambaye ta kuwa? Zanen nan bai yi mini kama da wanda mai girki ta sa wa hannu ba. Ku samo alli ku zana komai a ƙasa da ainihin girmansa, murhu da firji da kabad. Ta shiga ta yi kamar tana girki tun daga farko har ƙarshe, kai kuma ka shigo kamar za ka ɗebi ruwa. Duk inda kuka yi karo, ku goge ku sake. A nan za ku gane ko ƙofar firji tana buɗewa ta ɓangaren da ya dace, ko kuwa tana tare hanya. In mutum biyu za su riƙa aiki tare, tsakanin kanta da kanta ya kai mita 1.2. Goge alli ba ya cin ko sisi, amma matsar da bututun ruwa bayan an shimfiɗa tayil, sai an sake fasa ƙasa.

Sai maganar gas. Iskar gas ta tukunya ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya ta taru. Kada ka rufe tukunyar a kabad marar kafar iska. In da hali a yi mata ɗan gida a waje, a shigo da bututu. Murhu kada ya zauna a ƙarƙashin taga, iska tana kashe wuta, labule kuma yana kamawa. Wurin wanke-wanke ne ya dace da taga. Kada firji ya manne da murhu, zafi yana sa injinsa wahala, kuma a bar masa ɗan sarari a baya. Soket ka sa fiye da yadda kake zaton za ku buƙata, nesa da famfo, ka sa ƙwararren mai aikin wuta ya yi. A sa fitila a ƙarƙashin kabad na sama, domin ƙwan tsakiyar rufi inuwar mutum yake jefawa kan abin da yake yankawa da wuƙa.

A ƙasa, durowa mai jawowa ta fi kabad mai zurfi, don ba sai an durƙusa ana lalube ba. Kayan nauyi su zauna ƙasa.

In kun gama zanen allin, ka ɗauko hotonsa ka turo mini kafin ka kira magini. Ka gaida ɗiyata da jikokina, ka ce musu ina nan tafe in an gama. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka