Sanarwa: neman zaman taimakon juna kusa da gida

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Sababbin da suka shigo wannan rukuni namu suna tambayar inda za su zauna da masu fama da barin giya ido da ido. Don haka muna haɗa jerin wurare kafin daren Juma'a.

Kowa ya tambaya a sashen masu shaye-shaye na asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, kamar na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Ku turo wa admin rana, lokaci, harshen da ake magana, da ko zaman buɗaɗɗe ne ko na masu shan kaɗai. Zaman tsarin AA (Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu taimakon juna wajen barin giya) kyauta ne, ba rajista. Wanda ya nemi kuɗin shiga, ku bincika sosai. A kira kafin a je, don sau da yawa ana canza wuri.

Hattara: wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. Rawar hannu kan fara cikin awa 24, farfaɗiya na iya zuwa tun cikin kwana 2 na farko, ruɗewa kuma na iya biyo baya cikin kwana 2 zuwa 3. Likita tukuna.

Ba sunan kowa, ba hoto.

Allah ya ƙara mana lafiya da juriya.