Faifan Take 6 da muryoyi shida

Ranka ya daɗe Edita,

Shekara ashirin ina koyar da mawaƙan coci, kuma har yau ban daina sauraron faifan So Much 2 Say na ƙungiyar Take 6 ba. Ya fito a 1990, ya ci kyautar Grammy a 1991 a rukunin waƙoƙin bishara na zamani. Maza shida ne, tun 1980 suka fara haɗuwa a kwalejin Oakwood da ke Huntsville, jihar Alabama ta Amurka.

Abin da ya kama ni shi ne murya. Mai kaurin murya yana riƙe ƙasa kamar ganga, sauran biyar su jera a kansa, sautukan a matse da juna, idan ɗaya ya kauce kaɗan sai kunne ya ji. Na taɓa kashe piyano a wajen gwaji, na ce yarana su rera haka, da murya kawai. Ko baiti ɗaya ba mu kai ba, aka fashe da dariya, ni ma na dara.

Don Allah shafinku na nishaɗi ya riƙa waiwayar irin wannan waƙar.

Naku,
Mai koyar da mawaƙa