Wasiƙa daga Siktifkar, ƙasar Rasha

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Hajiya? Ya amarya? An ce tun da aka kawo ta ko majalisa ba ka leƙawa, don haka shirunka bai ba ni mamaki ba.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Jiya wata 'yar ajinmu, 'yar ƙabilar Komi ta nan arewacin Rasha, ta kunna mana wata tsohuwar waƙa da aka naɗa a ƙauye. Muryar dattijo ce ita kaɗai, ba kiɗa ba tafi, yana jan baiti har numfashi ya ƙare masa, ya ja wani ya ɗora. Ta ce waƙar da harshen Komi take, amma jaruman da tantinsu na fata da garken barewarsu duk na maƙwabtansu ne, wata ƙabilar makiyaya da ake kira Nenets.

Ga yadda aka yi. Komi na kogin Izhma wurin Nenets suka koyi kiwon barewar nan mai rassan ƙaho, aka yi ta cuɗanya da auratayya. A ƙarni na 19 wasu Nenets suka zauna a bakin kogin Kolva, a hankali bakinsu ya juye Komi. Harshe ya tafi, amma suka ƙi sakin waƙoƙin kakanni, suka ci gaba da rera su da harshen maƙwabta, har Komi ma suka ɗauka. Masani Anatoli Mikushev ya bi ƙauyukan ya tattara su a shekarun 1960. Su Nenets suna da syudbabts, waƙar yaƙi da ƙatti, da kuma yarabts, waƙar kuka, inda jarumin da bakinsa yake zayyana wahalar da ya sha: maraici, sace garke, ɗaukar fansa. Wannan ta biyun ce ta fi taɓa ni.

Wallahi kai na tuna, Bafulatanin da bai iya ko gaisuwa da Fulatanci ba! Goggo tana nan da waƙoƙinta na tatsar nono, ko? Don Allah ka ɗauki wayarka ka naɗe su tun tana da ƙarfi, kar ka ce sai an jima.

Af, wai da gaske ne Ɗan'auta ya sayar da babur ɗin? Nan rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe uku, sallar la'asar da magariba kusan a jere. Idan ka sami mai tahowa, yaji da kilishi.

A gaishe da mutanen gida.

Naka har kullum.