Sanarwa: lambar da za mu tattauna a kanta ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa malaman lissafi. Zamanmu na Asabar zai tsaya ne a kan lambar nan da Luke Durant ya gano a Oktoban 2024 ƙarƙashin shirin GIMPS, wanda masu sa kai ke neman manyan lambobi marasa rabuwa da kwamfutocinsu: a ninka 2 da kanta sau 136,279,841, a cire 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne, kuma babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta.

Ita ce ta 52 da aka sani a jerin lambobin Mersenne marasa rabuwa, wato irin waɗanda ake samu idan an ninka 2 da kanta an cire 1. Abin da ya fi burge ni: dole ne 136,279,841 ɗin ma ta zama marar rabuwa, amma hakan kaɗai bai isa ba. Ku gwada ninka 2 da kanta sau 11 ku cire 1, za ku samu 2047, wato 23 sau 89, duk da cewa 11 marar rabuwa ce.

Don Allah kowa ya lissafo alƙalaminta na ƙarshe kafin zaman.